Zaɓen Fannin Karatu a Jami'a a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Idan yaro ko yarinya suka ci jarrabawar bak, sai su zaɓi fannin da za su karanta a jami'a. Digirin farko, wato lisans, yakan ɗauki shekara 3. Iyaye da yawa a Madawa, Buza da Kaita sukan sayar da albasa ko dabba, ko su dogara da aiken ƴan ci-rani, don ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka ya kamata zaɓen ya zama da shawara.

Mece ce ƙirƙirarriyar basira?

Wata dabara ce da ake koya wa kwamfuta aiki ta hanyar ba ta misalai masu ɗimbin yawa, har ta iya yin irinsu da kanta. A watan Nuwamba na 2022 wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT. Mutum yakan rubuta masa tambaya, ya ba da amsa nan take. Irin waɗannan na'urori suna rubuta wasiƙa, suna fassara, suna lissafi, har suna rubuta umarnin da kwamfuta ke aiki da shi. Amma sukan yi kuskure, kuma su faɗe shi kamar gaskiya.

Me ya sake a wajen aiki?

A da, wanda ya iya buga takarda ko shigar da lambobi a kwamfuta yakan sami abin yi. Yau na'ura tana yin yawancin wannan cikin ɗan lokaci. Aikin da ake maimaitawa iri ɗaya kullum shi ne ya fi shiga hatsari. Aikin da ke bukatar hannu, da sanin ƙasa, da amanar jama'a ya fi dawwama. Na'ura ba ta karɓar haihuwa, ba ta gyaran injin ban ruwa a kwarin Tarka, ba ta sasanta manomi da makiyayi.

Darasi daga yankinmu

Tun daga 1975 aka fara dasa layukan itatuwa masu tare iska a kwarin Majiya. A 1984 kuma aka soma aikin raya karkara na Kaita da taimakon ƙasar Italiya, inda aka farfaɗo da ƙasar da ta mutu, aka gina madatsun ruwa. Irin wannan aiki yana bukatar masanan noma, da na ruwa, da na daji. A yau irin waɗannan masana suna amfani da hotunan tauraron ɗan Adam da kwamfuta. Sai wanda ya san fanninsa ne zai gane idan na'ura ta yi kuskure.

Ina ake karatu?

Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana koyar da shari'a, tattalin arziki, aikin noma da ilimin koyarwa. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da Jami'ar André Salifou a Damagaram. Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnati.

Shawarwari ga iyaye da ɗalibai

1. A fara tunani tun bayan jarrabawar BEPC, domin reshen da aka bi a lise yana da tasiri. Reshen A na adabi da harsuna ne, C da D na lissafi da kimiyya.
2. A duba darasin da ɗalibi ya fi ƙarfi a kai. Kada a tilasta masa fanni don sunansa kawai.
3. Mai son ilimin kwamfuta ya riƙe lissafi da kyau, ya koyi Ingilishi, ya zurfafa. Sani na sama-sama ba ya isa yanzu.
4. Mai karanta noma, kiwon lafiya, shari'a ko koyarwa ya haɗa da sanin kwamfuta.
5. A tambayi waɗanda suka gama fannin: ina suke aiki, kuma shekara nawa suka jira?
6. A ba ƴan mata dama daidai da maza.

Kafin a cika takardar rajista, uba da uwa da ɗalibi su zauna da malamin da ya san ƙoƙarin yaron, su yanke shawara tare.