Makon Mozart

Makon Mozart (da Jamusanci: Mozartwoche) biki ne na kiɗan gargajiyar Turai da ake yi kowace shekara a birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya, a ƙarshen watan Janairu. Ana shirya shi ne domin tunawa da ranar haihuwar shahararren mai tsara kiɗa Wolfgang Amadeus Mozart, wanda aka haifa a birnin ranar 27 ga Janairu, 1756. Gidauniyar Mozarteum ta Ƙasa da Ƙasa ce ke ɗaukar nauyin bikin tun da aka fara shi a shekarar 1956.

Suna

Sunan ya samo asali daga kalmomi biyu: sunan Mozart da kalmar Jamusanci "Woche", wadda ke nufin mako. Duk da haka, bikin yakan wuce kwana bakwai, yakan kai kimanin kwana goma, kuma ana tsara shi yadda ranar 27 ga Janairu za ta faɗo a cikinsa.

Mozart da Salzburg

An haifi Mozart a gida mai lamba 9 da ke titin Getreidegasse. Mahaifinsa Leopold Mozart gwanin gogen Turawa ne, kuma shi ya koyar da shi kiɗa tare da yayarsa Maria Anna. Mozart ya yi aiki a fadar babban limamin cocin Salzburg, Hieronymus Colloredo, wanda shi ne mai mulkin birnin a lokacin, amma ba su jitu ba. A 1781 ya bar aikin ya koma birnin Viyana, inda ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1791, yana da shekara 35. Ya bar ayyuka sama da 600.

Sai da aka shafe kusan shekara hamsin da rasuwarsa kafin garin haihuwarsa ya fara girmama shi a hukumance. An kafa ƙungiyar kiɗa mai ɗauke da sunansa a 1841, aka kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar gari a 1842. A 1880 aka kafa gidauniyar Mozarteum, wadda ke kula da gidan da aka haife shi a matsayin gidan tarihi, tare da adana wasiƙunsa da rubuce-rubucen kiɗansa da kayan kiɗan da ya yi amfani da su.

Tarihin bikin

An yi bikin farko a 1956, shekarar da Mozart ya cika shekara 200 da haihuwa. Ya bambanta da babban Bikin Salzburg na lokacin bazara, wanda aka fara a 1920, domin shi wancan ya haɗa ayyukan masu tsara kiɗa da marubutan wasan kwaikwayo da yawa, shi kuwa wannan Mozart ne ginshiƙinsa. Hakan ya ba da damar sauraron ayyukan ƙuruciyarsa da ba kasafai ake kaɗa su ba, ba fitattun kawai ba.

Jagoran makaɗa Bafaranshe Marc Minkowski ya shugabanci tsara shirye-shiryen bikin daga 2013 zuwa 2017. A zamaninsa ne aka gabatar da Requiem, kiɗan addu'ar mamata da Mozart ya rasu bai kammala ba, tare da rawar dawaki ƙarƙashin jagorancin mai horar da dawaki Bartabas. Daga 2019 mawaƙi Rolando Villazón, haifaffen Meziko, ya karɓi ragamar.

A 2021 annobar korona ta hana taron jama'a, sai aka watsa bikin ta intanet. Ranar 27 ga Janairun shekarar, makaɗin piyano ɗan Koriya ta Kudu Seong-Jin Cho ya kaɗa wani gajeren kiɗa na daƙiƙa 94 da Mozart ya rubuta tun yana matashi, wanda gidauniyar ta sayi takardarsa ta asali.

Shirye-shirye

Ana gudanar da bikin a babban zauren Mozarteum da zaurukan Bikin Salzburg, ciki har da Felsenreitschule, tsohon filin horar da dawaki da aka sassaƙa a jikin dutse. Shirye-shiryen sun haɗa da opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, da kiɗan manyan ƙungiyoyi, da na ƙananan rukunai na mutum uku ko huɗu, da kiɗan coci. Ƙungiyar makaɗa ta Filharmonik ta Viyana, da ta Mozarteum, da Camerata Salzburg na cikin masu halarta a kai a kai.

A jadawalin bikin, kowane aiki na ɗauke da lamba bayan harafin K ko KV. Lambobin sun fito ne daga kundin da Ludwig von Köchel ya wallafa a 1862, inda ya jera ayyukan Mozart gwargwadon lokacin rubuta su. Requiem ne na ƙarshe a jerin, da lamba 626.