Motar da ƙarfinta ke baya: abin da direbobin dā suka sani

Kwanan baya wani ɗalibina da ya daɗe da gama makaranta ya turo mini hoton bidiyo ta WhatsApp. Wani Ba'amurke ne cikin jar Ford Mustang, a kan titin da dusar ƙanƙara ta rufe. Ya taka totur, tayoyin baya suka hau juyawa a wuri ɗaya, gindin motar ya karkace, ta kewaya sau biyu ta faɗa rami. Yaron ya rubuto: "Malam, mu dai Allah ya raba mu da wannan." Na yi dariya, na ce masa ai ba a raba mu ba. Na ga irin wannan juyi da idona a hanyar Dungu zuwa Matameye, ba ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya.

Bari in faro daga motar. A 1964 kamfanonin Amurka suka fito da Pontiac GTO da Ford Mustang, Dodge Charger ta biyo baya a 1966. Ana saka musu babban inji mai silinda takwas a gaba, ƙarfinsa kuma ya bi dogon ƙarfe ta ƙarƙashin mota ya tafi tayoyin baya. Matasa suka yi ta rububinsu har tsadar mai ta 1973 da tsadar inshora da dokokin hayaƙi suka karya kasuwar. Matsalarsu a lokacin hunturu guda ce: nauyi yana gaba, ƙarfi yana baya. Tayar da ke tura mota ba ta da abin da zai danne ta a ƙasa, saboda haka da ta sami santsi sai ta yi ta walwala. Maganin da mutanen jihohin sanyi suka samo shi ne su ɗora buhunan rairayi a bayan mota. Ku duba ikon Allah: rairayin da ke kafe mu, shi suke saye da kuɗi.

Mu a ƙasar Damagaram ba mu san Mustang ba, amma mun san 'yar'uwarta ta fuskar gini. Peugeot 404, wadda muke kira kat-san-kat, ta fito a 1960, ita ma inji a gaba, turi daga baya. Ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, gasar da ake yi cikin taɓo da ƙura. Peugeot 504 ta fito a 1968, kuma daga 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, abin da ya sa kayan gyaranta suka wadata a Kano, daga can su tsallako mana ta Daura da Ɗan Barto. A shekarun 1970 da 1980 kuma Turawa kan tuƙo tsofaffin Fijo su ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida a jirgi. Haka motar ta cika tashoshinmu.

Zamanin gyaɗa ne ya raine ta. An kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, kuma ƙasar Matameye da Magarya na cikin inda aka fi nomanta. Manyan motoci ke kwasar kaya a kan babbar hanya, amma shiga ƙauye da fita sai mai buɗaɗɗen baya, wadda 'yan Najeriya ke kira akori-kura. Bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, cinikin ya durƙushe, motar kuwa ta ci gaba da jigilar hatsi, rake, awaki da mutane ranar kasuwa.

Kawuna direban irin wannan mota ne. Wata damina a farkon shekarun 1980, ina ɗan firamare, ya ɗauke ni zuwa Matameye washegarin ruwa mai yawa. Kafin mu tashi ya sa yaron motarsa ya gusa buhuna shida har suka zauna daidai kan tayoyin baya, ya hana fasinja cunkusuwa a gaba. Da muka iso wani gangare mai laka, ya tsaya, ya sauka, ya taka wurin da ƙafarsa har gwiwa, ya dawo. Ya saka giya ta biyu, ya saki kuloci a hankali kamar mai aje ƙwai. Ana tsakiyar wurin sai na ji bayan motar ya fara zamewa hagu. Bai taɓa birki ba. Ya ɗan sassauta ƙafa, ya juya sitiyari hagu ɗin, motar ta miƙe, muka fita.

Muna tsaye ana duba taya sai ga wani saurayi da 504 wayam, ba kaya. Ya shigo da gudu, ya ji santsi, ya ƙara wuta. Motar ta juya ta dubi inda ta fito, ta kwanta da gefe ɗaya cikin ruwa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya mutu, amma wata tsohuwa ta karye a hannu. Kawu ya taimaka aka fitar da su, muna tafiya ya ce mini: "Ɗana, ita wannan mota daga baya ake tura ta, kamar amalanke. In ka ingiza amalanke da ƙarfi a kan santsi, gefe zai yi."

Sai da na girma na gane cewa abin da ya faɗa kimiyya ce tsantsa. Taya tana da iyakar riƙon da za ta yi wa ƙasa. In ka ƙarar da riƙon wajen turi, babu sauran da zai hana ta zamewa gefe. Giya ta biyu tana rage ƙarfin da ke isa taya, shi ya sa ba ta haƙa rami. Kaya a baya yana ƙara riƙo. A cikin rairayi kuma akan rage iskar taya don ta baje, a sake bugawa in an hau kwalta. Akwai kuma wani haɗin haƙora a tsakiyar ƙarfen tayoyin baya, mai barin kowace taya ta juya da saurinta a kwana. Illarsa ita ce in taya ɗaya ta sami santsi, ita za ta yi ta juyawa, ɗayar na tsaye. Shi ya sa direbobin dā ke cusa kara ko reshe ƙarƙashin wadda ke walwala. Abin da ake koya wa mai Mustang a Michigan ke nan, ba ragi ba ƙari.

To ina ilimin ya tafi? Motocin suka sauya. Volkswagen Golf ta fito a 1974 tana ja da tayoyin gaba, Toyota Corolla ta koma haka a 1983, Peugeot 405 da 406 su ma haka. Irin waɗannan nauyin inji na kan tayar da ke ja, sun fi yafe wa mai kuskure. Koyo ma ya sauya. Dā yaron mota kan shekara da shekaru yana saka waji, yana wanke mota, yana kallon ƙafar maigidansa kafin a ba shi sitiyari. Yau mako biyu sun isa yaro ya ce ya iya.

Amma turin baya bai ƙare ba. Hiace da ke kwasar 'ya'yanmu zuwa Zinder da Kano daga baya take turi, haka Hilux in ba a saka mata giyar taya huɗu ba, haka tsofaffin Mercedes da BMW da samari ke wasan mota da su ranar ɗaurin aure. Babur ma haka yake. Juyin da kawuna ya yi shekaru yana koyon kauce masa, shi ne yanzu ake yi da gangan a tsakiyar taron yara, ana tafi.

Ga roƙona ga 'yan'uwana malamai: in mun zo darasin gogayya da nauyi, mu bar allo, mu fitar da yara fili, a tura amalanke wayam a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a ɗora masa kaya a sake turawa. Iyaye kuma, kafin ku miƙa wa yaro makulli, ku tambaye shi wace taya ce ke tura motar, me zai yi in bayanta ya zame. In ya yi shiru, ku mayar da makullin aljihu, ku kai shi tasha. Har yanzu akwai tsofaffin direbobin kat-san-kat zaune a inuwa, babu mai tambayarsu komai.