Daga Gidan Ma'ajin Watari Zuwa Janguza: Wa Fursuna Zai Kai Wa Kuka?

Idan ka taso daga Karaye ko Rogo ka biyo hanyar Gwarzo zuwa Kano, za ka wuce Janguza, inda gwamnatin tarayya ta gina katafaren gidan gyaran hali mai tsananin tsaro da zai ɗauki mutum 3,000. Gini ne sabo, amma tambayar da ke cikinsa ta haura shekara ɗari: idan aka zalunci wanda ke tsare, wa zai gaya wa, kuma me zai same shi idan ya faɗa?

Bari mu fara daga 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Gwamna Lugga ya shiga kurkukun birni da ake kira Gidan Ma'ajin Watari, ya rubuta abin da ya gani a rahotonsa. Ɗaki biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, ba taga, sai wata 'yar ƙofa da ake shiga da rarrafe. Ya ce mutum 135 ake kullewa a ciki kowane dare. Ka riƙe cewa Lugga na neman hujjar yaƙin da ya yi, don haka ba shaida ne marar son rai ba. To amma mu gwada lissafinsa. Filin ɗakunan biyu murabba'in ƙafa 238 ne, ka ga kowane mutum bai samu murabba'in ƙafa biyu ba, ko zama ba zai yiwu ba balle kwanciya. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kusan wat 100. Mutum 135 kenan kamar a kunna dutsen guga 13 ne a ɗaki a rufe, ga kuma iskar da ake fitarwa tana taruwa. Ba sai an daki kowa ba, ɗakin kaɗai ya isa ya yi kisa.

Daga baya aka gina gidan yarin Kurmawa a 1910, aka miƙa shi ga En'e. A nan ne labarin ya shafi mutumin Karaye da Rogo kai tsaye. Dogarai ko 'yan doka su kama shi, alƙalin gunduma ya yanke hukunci, idan ɗaurin mai tsawo ne a tura shi birni wajen Yari. Mai kamu, mai hukunci da mai tsaro duk ma'aikatan hukuma guda ne, kuma ƙorafi ma can zai koma. Ka yi tunanin manomin da gandiroba ya cinye masa rabon tuwo: gaban wa zai je?

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, sukar zaluncin En'e ya zama babban aikinta, gidan yari kuma ya zama amsar da ake ba 'ya'yanta. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau 16, ciki har da ɗaurin da aka yi mata a Kano a farkon shekarun 1950. Wato wanda ya tona asirin tsarin, shi ake jefawa cikinsa. Irin wannan amfani da gidan yari don siyasa na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta karɓe gidajen yarin En'e a 1968, ta haɗe su a hannun tarayya.

Sauya mai gida bai kawo mai sauraron kuka ba. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, wanda ya taɓa zama mutum na biyu a mulkin ƙasar nan, ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba, 1997. Idan mai irin wannan suna bai tsira ba, ina ga ɗan ƙauyen da ba wanda ya san an kawo shi?

A 2019, ɗan jarida Fisayo Soyombo ya ɓad da kama, ya sa aka tsare shi kwana takwas a gidan yarin Ikoyi da ke Legas. Ya ba da rahoton yadda ake sayar da ɗaki mai sauƙi, ake karɓar kuɗi kafin ziyara, ake shigar da ƙwaya. Da labarin ya fita, sai aka ji raɗe-raɗin za a kama shi, har ya ɓuya, kodayake hukumar ta musanta. Shi fa yana da jarida a bayansa. Ƙaramin gandiroba da ya ga irin wannan ba shi da kowa, kuma wanda zai kai wa rahoto shi ne ke riƙe da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa.

Dokoki kam akwai. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, ta kuma ba shugaban gida ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika. Sai dai tsarin kwarmata bayanai na Disamba 2016 manufar gwamnati ce kawai, ta fi karkata ga kuɗin da aka sace, ba doka ba ce da za ta kare ma'aikaci a kotu.

Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Idan kana da ɗan'uwa a ciki, ka riƙa ziyara, ka rubuta ranar da aka kawo shi da lambar shari'arsa, ka kuma san ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Kano. Fursunan da ake tambayar lafiyarsa daga waje ya fi wuyar zalunta.