Hoton Majigi Baƙi da Fari: Asalinsa da Yadda a ke Yinsa

Kalman nan majigi, wadda Hausawa su ke kiran fim ɗin da a kan nuna a fili da dare kyauta da ita, ba daga silima ta samo asali ba. Ta fito ne daga sunan da Ingilishi suka ba wata tsohuwar na'ura, watau fitilar sihiri, kalmarsu ta sihiri kuwa ita ce bakin Bahaushe ya sarrafa ta koma majigi. Ita wannan fitila ta girmi silima da fiye da shekara ɗari biyu. Yawancin masana sun tafi a kan cewa wani masani mutumin Holan, Christiaan Huygens, shi ya ƙago ta wajen 1659. Akwati ce da fitila a ciki, da gilashin tara haske a gaba. Sai a zura wani ɗan gilashi mai zane a tsakani, zanen ya faɗa bango ya yi girma. Amma fa duk zanen nan da hannu a ke yinsa, gama a sa'an nan ba a san ɗaukar hoto ba.

Da Daguerre ya bayyana hanyarsa ta ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839, ba ta amfani masu fitila da kome ba, don a kan farantin tagulla mai rufin azurfa a ke yin hoton, haske kuwa ba ya ratsa tagulla. Hanyar Talbot ta Ingila, ta 1841, da takarda a ke yi, zaren takardar kuwa ya kan dagula hoton in an ƙara masa girma. Abin da a ke bukata shi ne wani abu mai danƙo wanda zai riƙe gishirin azurfa a jikin gilashi, ya kuma bar haske ya wuce. Niépce de Saint-Victor ya gano cikin 1847 cewa farin ƙwai zai yi wannan aiki. A kan wannan ne waɗansu 'yan'uwa biyu Jamusawa mazauna Filadalfiya ta Amurka, William da Frederick Langenheim, suka gina nasu. Suka sami takardar mallakar dabarar cikin 1850, suka sa wa hotunan suna Hyalotype, daga kalmar Girkanci mai nufin gilashi, suka kuma kai su babban baje kolin London na 1851. Daga nan hoton gaske ya shiga fitilar sihiri.

Kafin a ci gaba, lalle ne a bayyana abin da ke faruwa cikin fim, in ba haka ba sauran labarin ba zai fahimtu ba. Gishirin azurfa, wanda a ke shafa wa gilashi ko fim, haske ya kan taɓa shi ya bar alama da ido ba ya gani. In an tsoma shi cikin ruwan wanki, duk ƙwayar da haske ya taɓa sai ta koma azurfa tsantsa, baƙa ƙirin. Sa'an nan a sa shi cikin wani ruwa da a ke kira haifo, wanda Sir John Herschel ya gano aikinsa tun 1819, ya narkar da gishirin da haske bai taɓa ba. Saboda haka farar riga ta kan fito baƙa, baƙar fuska ta fito fara. Herschel ɗin nan ne ya ba wannan juyayyen hoto sunan da Turawa su ke kiransa da shi. Masu hoto na ƙasar Hausa kuwa dodo suka ce da shi, kuma duk wanda ya ɗaga fim ya ga fuskar ɗan'uwansa da fararen gashi da baƙaƙen haƙora ya san sunan nan ya fi na Herschel dacewa.

To, hanya ta fari ta yin hoton majigi ita ce a haɗa dodo da sabon gilashi fuska da fuska, a haska su, a wanke. Dodon dodo kuwa shi ne hoto sosai. In dodon ya fi girma, sai a sake ɗaukarsa da kyamara a rage shi. Aikin ya yi sauƙi bayan da Frederick Scott Archer ya fito da kolodiyon cikin 1851, ya daɗa sauƙi kuma bayan da Richard Leach Maddox ya ba da shawarar jalatin cikin 1871, watau danƙon da a ke samu daga dafaffen ƙashi da fata, gama gilashin jalatin a bushe a ke sayar da shi, ba sai mutum ya shafa da kansa ba. In an gama, a rufe fuskar hoton da wani gilashi, a naɗe gefe da baƙar takarda. Ingila ta tsaya kan inci 3¼ kowane gefe, Amurka kuwa inci 3¼ da inci 4. Hasken da a ke nuna su da shi a manyan ɗakuna dunƙulen farar ƙasa ne da a ke hura masa wutar oksijin da haidirojin har ya yi fari fat, kafin lantarki ya zo.

Me ya sa aka ɗauki wannan wahala, ga hoton takarda? Dalili biyu ne. Na ɗaya, hoton takarda da hasken da ya dawo daga jikinsa a ke ganinsa, don haka farinsa bai cika fin baƙinsa haske fiye da sau ɗari ba. Na gilashi kuwa haske ratsa shi ya ke yi, bambancin ya kan kai kusan sau dubu, har a ga abin da ke cikin inuwa filla-filla. Na biyu, kuma shi ne babba, hoton takarda mutum ɗaya ko biyu ke dubansa, na majigi kuwa ɗaki guda, da mai bayani a tsaye yana nuna inda za a duba. Jacob Riis ya fara nuna wa masu hali na New York hotunan ɗakunan matalauta ta wannan hanya cikin 1888, shekara biyu kafin littafinsa ya fito. A Jami'ar Balin, Herman Grimm ya shiga koyar da tarihin zane da majigi cikin shekarun 1890, wanda ya gaje shi kuma, Heinrich Wölfflin, ya shahara da kafa fitila biyu, hoto biyu su fito gefe da gefe don ɗalibai su gwada. Malamin kwalejin horon malamai zai lura da abin da ke nan: ilmin kansa ya sake kama saboda na'ura, domin gwada abu biyu kusa da juna ya zama hanyar tunani a fannin duka. Akwai kuwa abin tsoro ciki, gama mai riƙe da sanda shi ke zaɓen abin da za a gani da ma'anar da za a ba shi, ɗaki kuwa duhu ne, ba mai iya komawa baya ya sake dubawa.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa, ita ce juya fim ɗin da aka ɗauka da kyamara ya zama hoto sosai ba tare da an yi dodo dabam ba. A kan wanke shi wankin fari kamar kullum, amma ba a sa shi cikin haifo. Sai a tsoma shi cikin ruwan ƙoƙe, wanda a ke haɗawa da daikuromet ko famanganet da ɗan ruwan asid, ya cinye baƙar azurfar nan sarai. Abin da ya rage shi ne gishirin da haske bai taɓa ba, wanda ya fi yawa daidai inda abin da aka ɗauka ya fi duhu. A ɗauraye, a haska shi da fitila, a sake wankewa, sai gishirin nan ya baƙanta. Inuwa ta koma baƙa, farar riga ta zama wurin da haske ke wucewa. Watau abin da mai wankin dodo ya ke zubarwa shi ne hoton mai wannan hanya. Sai dai tana da tsanani. Daikuromet dafi ne, yana kuma jawo ciwon daji. Famanganet ya fi shi sauƙin haɗari, amma ya kan tausasa jalatin har ya saɓule. Kuskuren haske wajen ɗauka ba shi da wurin gyara, tun da ya ke ba za a buga wani hoto daga baya ba. Jikin fim ɗin kuma tilas ya zama garau, don fim na kullum yana da ɗan toka-toka wanda ke dushe hoton a bango.

Silima ce ta yaɗa wannan hanya. Kamfanin Pathé ya fito da fim mai milimita 9.5 cikin 1922, Kodak kuma ya fito da mai milimita 16 cikin 1923, wanda John Capstaff ya yi aikin wankinsa, har ya sa a riƙa auna hasken nan na biyu gwargwadon kaurin kowane hoto don rage kuskuren mai ɗauka. Sauƙin fim mai milimita 16 ne kuma ya taimaki motocin da suka riƙa zaga garuruwan Nijeriya ta Arewa suna nuna fim na tsabta da noma, musamman bayan an kafa sashen fim na ƙasashen mulkin Ingila cikin 1939 a ƙarƙashin William Sellers. Hoton ya fara motsi, amma jama'a ba su sake masa suna ba, majigi ɗin dai suka ci gaba da cewa.

Abin da ya kā da hoton gilashi shi ne launi da ƙanƙanta. Kodachrome mai milimita 35 ya fito cikin 1936, daga 1939 kuma aka riƙa mayar wa mai shi da hotunan cikin kwali mai inci 2 kowane gefe, ba nauyi, ba fashewa. Baƙi da fari ya rage ga malaman kimiyya da likitoci da masu shirya zaren fim na makarantu, da waɗanda su ke son sa don kansa. Saboda su ne Agfa ya yi fim ɗinsa Dia-Direct, ya bi shi da Scala cikin 1992, wanda ya tsaya bayan da sashen fim na kamfanin ya karye cikin 2005. Kodak ya daina ƙera na'urarsa ta nuna hoto, Carousel, cikin 2004, bayan shekara 43. Kamfanin Foma na ƙasar Cek yana yin nasa fim ɗin, Fomapan R, har yanzu.

Waɗanda ke da tsofaffin akwatunan irin hotunan nan a ma'ajin makaranta ya kamata su rarrabe su kafin kome. Na gilashi daga dodo aka buga shi, watakila akwai ɗan'uwansa wani wuri, ko da ya ke takardar da aka liƙa a gefensa, mai ɗauke da sunan wuri da shekara, ita gara da kyankyaso su ke fara ci. Wanda aka juya kuwa shi ne ainihin fim ɗin da ya zauna cikin kyamara ran da aka ɗauka, ba shi da dodo ko'ina, laima ta damina kuma tana sa fumfuna ta cinye jalatinsa.