Dajin da ya Dawo da Kaskarsa: Cutar Lyme da Farfajiyar Gidajen Amurka

A ƙarshen shekarar 1975, wasu mata biyu, Polly Murray da Judith Mensch, suka tuntuɓi hukumar lafiya ta jihar Connecticut da ke arewa maso gabashin Amurka, kowacce a karan kanta, da koke iri ɗaya. Yara a garuruwansu na Lyme da Old Lyme suna fama da kumburin gwiwa, likitoci kuma suna cewa amosanin gaɓɓai ne. Matan ba su gamsu ba, domin amosanin yara ciwo ne da ba a cika gani ba, balle a ce ya bi layi gida-gida. Tawagar Dokta Allen Steere ta Jami'ar Yale ta ƙirga mutum 51, yara 39 da manya 12, a garuruwa uku masu maƙwabtaka. Ciwon ya fi tashi a lokacin zafi, ya fi kama mazauna gidajen da ke cikin kurmi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tuna wani jan tabo mai faɗaɗa kamar zobe kafin gaɓɓai su kumbura. Zargi ya koma kan kaska. A 1981 Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar bakteriyar a cikin kaskar da aka kamo daga tsibirin Shelter na New York, daga baya aka raɗa mata suna Borrelia burgdorferi.

Sunan cutar ne sabo, ita kanta tsohuwa ce. An sami burbushin ƙwayar a fatun ɓeraye da aka adana a gidan tarihi tun 1894 daga Massachusetts. Abin da ya sauya shi ne ƙasar da mutane suke zaune a kai.

Turawan da suka mamaye yankin New England sun sare daji don noma da kiwon tumaki da itacen wuta, har ya zamana a tsakiyar ƙarni na 19 abin da ya rage na dajin Connecticut bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin jihar ba. Barewar dajin, mai farar wutsiya, ta kusa ƙarewa saboda farauta. Wani ƙiyasi na 1896 ya ce guda 12 suka saura a jihar baki ɗaya. Kaskar ta maƙale a 'yan tsibirai da lungunan da barewa ta tsira. Sai kuma al'amari ya juya. Buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825 da zuwan jirgin ƙasa sun sa hatsin yammacin ƙasar ya karya kasuwar manoman gabas, waɗanda gonakinsu duwatsu ne fal. Suka watsar da su suka nufi masana'antu, itatuwa suka rufe saurukan. Yau wajen kashi 60 cikin ɗari na Connecticut daji ne, kuma mai yawo a cikinsa yana cin karo da tsofaffin katangun duwatsu da suka taɓa raba gona da gona.

Dajin ya dawo, amma ba da dukkan ma'abotansa ba. Kyarkeci da sauran manyan namun da ke rage barewa ba su dawo ba, dokoki kuma sun taƙaita farauta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu hali suka riƙa barin birane suna gina gidaje a cikin wannan sabon kurmi, kowane gida da filin ciyawarsa da furanninsa, bayansa kuma itatuwa. Barewa ta sami kiwo babu mai korar ta, ɓera ya sami katangar dutse da tarin itace. An gudu daga hayaniyar birni da hayaƙinsa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wannan kaska mai baƙaƙen ƙafafu ba ta kai girman wadda makiyayi ke ɓamɓarewa daga hantsar saniya ba. Rayuwarta shekara biyu ce, kuma sau uku kacal take shan jini. Tana ƙyanƙyashewa babu cutar a jikinta, sai ta ɗauko ta a shan farko, galibi daga ɓera mai fararen ƙafafu. A mataki na biyu, lokacin da ba ta kai ƙwayar riɗi ba, ita ce ta fi cizon mutane tsakanin Mayu da Yuli ba tare da an lura ba. Barewa ba ta ba ta cutar, amma a jikinta manyan suke ƙoshi su yi barbara, macen ta faɗo ta zuba ƙwai dubbai. Rauninta ɗaya ne: bushewa. Ba ta tashi, ba ta tsalle, kuma rana da busasshiyar iska suna kashe ta, don haka take fakewa a ƙarƙashin ganyayen da suka zuba.

A kan wannan rauni aka gina dabarun tsaron farfajiya. Wani bincike a gundumar Westchester ta New York, wanda aka wallafa a 1991, ya sami kashi 67 na kaskar gidaje a cikin kurmi, kashi 22 a bakinsa, kashi 9 a shuke-shuken ado, kashi 2 kawai a filin ciyawa. Littafin jagora da Kirby Stafford na cibiyar binciken noma ta Connecticut ya fitar a 2004 ya tattara shawarwarin: a aske ciyawa, a share ganye, a rage rassa rana ta shigo, a janye lilon yara da tarin itace daga bakin daji, a shimfiɗa tsakuwa ko ɓarɓashin katako mai faɗin ƙafa uku tsakanin ciyawa da kurmi. Wasu suka kewaye gida da dogon shinge saboda barewa. Wasu ma suka sayo zabi, tsuntsun Afirka, su yi musu tsince. Zabin kan ci manyan kaska, amma ƙananan da suka fi haɗari sukan kuɓuce musu.

Inda aka yi nasara sosai shi ne tsibirin Monhegan na jihar Maine, wanda aka kawar da barewarsa kaf tsakanin 1996 da 1999, kaska kuma ta kusa ɓacewa cikin 'yan shekaru. Sai dai teku ce ta tsare Monhegan, unguwar da ke kan tudu ba ta da wannan gata.

Jarrabawa mai ɗaci ta zo daga baya. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, gidaje 2,727 a Connecticut da Maryland da New York aka raba biyu, aka fesa wa rabi maganin bifenthrin, rabi kuma ruwa zalla. Kaska ta ragu da kashi 63 a gidajen da aka fesa wa magani, amma cizo da kamuwa da cuta ba su bambanta ba. Richard Ostfeld da Felicia Keesing suka gwada unguwanni 24 a gundumar Dutchess, da akwatunan da ke shafa wa ɓeraye maganin fipronil da kuma feshin wata fumfuna mai kashe kaska. Sakamakon 2022 ya nuna akwatunan sun rage kaska da kusan rabi, cututtukan kaska sun ragu a karnuka da kyanwoyi, amma a mutane shiru. Dalili mafi kusa da hankali shi ne mutum ba ya wuni a farfajiyarsa kaɗai, kuma rabin kaska mai yawa har yanzu kaska ce mai yawa, tun da cizo ɗaya ya isa.

Hukumar CDC ta ƙiyasta cewa ana yi wa kimanin mutum 476,000 maganin cutar Lyme duk shekara a Amurka. Ba a yi watsi da shara da aske ciyawa ba, amma nauyin shawara ya karkata zuwa jikin mutum, domin kaska kan buƙaci fiye da awa 24 tana maƙale kafin ta zuba ƙwayar. Wani bincike na 2009 a Connecticut ya gano cewa waɗanda suka yi wanka cikin awa biyu da barin farfajiya, da waɗanda suka duba jikinsu cikin awa 36, sun fi tsira daga cutar.