Idan Ɓera da Sata: Masu Sauraron Rediyo da Kwafin Manhaja a Arewar Dogon Dutsi

A shekarar 1962, shekara biyu bayan samun mulkin kai, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob ta masu sauraron rediyo a Nijar. Mutanen gari kan taru su saurari shiri su tattauna a kansa, jagoran zaman, wanda galibi malamin makaranta ne, ya naɗi muryoyinsu ya aika Yamai, a gina shiri na gaba da abin da suka faɗa. Tun daga nan mai sauraro a Nijar ya saba da mayar da martani: da wasiƙa a zamanin da ake jiran Amsoshin Takardunku na BBC, da kiran salula bayan gidajen rediyo masu zaman kansu da na karkara sun yawaita daga shekarun 1990, yau kuma da saƙon murya ta WhatsApp. Shirye-shiryen murya da matasa ke saukewa daga intanet sun tarar da wannan al'ada da ƙarfinta.

Wannan maƙala ta ɗauki ɓangare guda na martanin nan, wato tambayoyin da ake aiko wa filayen kimiyya da fasaha game da manhajar kwamfuta, ta auna su da halin da ake ciki a ƙasar Arewa: gundumar Dogon Dutsi da ta Tibiri, wadda aka cire daga cikinta a 2011, mazaunin mutum fiye da 600,000 bisa ƙidayar 2012. Duk wanda ya saba sauraron irin waɗannan filaye ya san tambayoyin. Wani ya ce kwamfutarsa ta fara nuna masa cewa Windows ɗinsa ba na asali ba ne, yaya zai kawar da rubutun. Wani ya ce Word ya kulle ana neman lambar lasisi. Wani kuma an rufe masa layin WhatsApp saboda yana aiki da GBWhatsApp, wato WhatsApp ɗin da ba na asali ba. Mai gabatarwa yakan faɗa ɗayan rami biyu: ko ya koyar da hanyar fasa kullen don ya burge masu sauraro, ko ya hau wa'azi a kan satar fasaha ya wuce. Ina ganin duka biyun gudun tambayar ne. Mai tambayar rahoto yake kawowa game da kasuwar da yake rayuwa a cikinta, kuma amsar da za ta amfane shi ita ce wadda ta bayyana masa farashi da hatsari da mafita.

Rigimar ta girmi shigowar kwamfuta Nijar. A watan Fabrairun 1976 Bill Gates, yana saurayi ɗan shekara 20, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta, aka buga ta a mujallar ƙungiyar Homebrew ta Kalifoniya. Kukansa shi ne cikin masu na'urar Altair, waɗanda suka sayi manhajarsa ta BASIC ba su kai ɗaya cikin goma ba, galibin saura kwafi suke yi wa juna. Ya kira abin sata ƙarara. Martanin masu karatu ya fi wasiƙar ban sha'awa. Da yawa sun ce farashin ne ya fi ƙarfinsu, wasu kuma ba su tsaya gardama ba, suka ci gaba da rubuta tasu manhajar mai suna Tiny BASIC. Tom Pittman ya sayar da tasa a kan dalar Amurka 5, mutane kuwa suka riƙa aiko masa da kuɗin. Mutanen da aka kira ɓarayi su ne suka biya da farashi ya sauko inda hannunsu ke kaiwa.

A yi lissafin da kuɗinmu. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa sefa 42,000. Lasisin Windows 11 na amfanin gida a shagon Microsoft dalar Amurka 139 ne, abin da ya tasam ma albashin wata biyu, ba a zo kan Word da Excel ba. Wannan ga mai albashi ke nan. Manomin gero a Matankari ko Geceme da ya tara kuɗi ya saya wa ɗansa ɗalibi kwamfuta ba ya ma cikin wannan lissafin. Sannan ko mutum na da kuɗin, sai ya mallaki katin banki mai biya a intanet, tun da manyan kamfanoni sun koma tsarin kuɗin wata ko na shekara, kamar yadda Adobe ya yi tun 2013. Binciken da Joe Karaganis ya jagoranta a Indiya da Brazil da Rasha da Afirka ta Kudu da Meziko da Bolibiya, wanda aka wallafa a 2011, ya gano cewa tushen satar fasaha shi ne haɗuwar tsadar kaya da ƙarancin samu da arhar na'urorin kwafi, kuma idan aka gwada da abin da mutane ke samu, kayan asali a Brazil da Rasha da Afirka ta Kudu sun ninka na Amurka da Turai tsada sau biyar zuwa goma. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma abin da masu wa'azin ke mantawa: mafi yawan masu tambayar ba su taɓa zaɓar yin kwafi ba. Kwamfutocin da ke shigowa Dogon Dutsi galibi ƴan Kwatano ne, sun gama aiki a Turai, sun biyo ta Yamai ko ta kasuwannin Najeriya, Sakkwato da Birnin Kebbi da Kano. Mai sayarwa ko mai gyara shi ke zuba musu Windows da Office da sauran tarkace daga filas guda, ya haɗa kuɗin aikinsa cikin ciniki. Mai saye ya biya, ya ɗauki kayansa, a saninsa ya sayi komai. Ranar da gargaɗin lasisi ya fito ne yake fara jin cewa akwai wani mai haƙƙi a bayan teku. Ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa kashi 37 cikin ɗari na manhajojin da ke kan kwamfutocin duniya ba su da lasisi, a Najeriya kuwa kashi 80. Daga wannan kasuwa Arewa ke sayayya.

Ba ina cewa doka ta yi shiru ba ne. Nijar mamba ce a ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda aka sabunta a 1999 da 2015, ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da ake karewa. Dokar ƙasa ta haƙƙin mallaka ta 1993, da ta 2010 da ta maye gurbinta, suna nan, ga kuma hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mallaka. (Abin lura: Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ɗaga wa ƙasashe mafiya talauci ƙafa a kan yarjejeniyar haƙƙin mallakar fasaha ta TRIPS har zuwa 1 ga Yulin 2034, amma ƙasashen OAPI sun riga sun ɗaure kansu tun 1999, ba su ci moriyar rangwamen yadda ya kamata ba.) Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Don haka mai gabatarwar da ke karanta lambar lasisin sata a iska ya saɓa wa dokar ƙasarsa da fatawar malamai, ya kuma jefa gidan rediyonsa cikin hatsari.

Sai dai a tambaya: wa ke asara idan aka zuba Windows na kwafi a wani shagon buga takardu a Kore Mairuwa? Asarar Microsoft kaɗan ce, domin wanda ba shi da halin saye ba ciniki aka ƙwace daga hannun kamfanin ba. Gates da kansa, a wani jawabi a Jami'ar Washington a 1998, ya ce game da Sin, tun da dai za su yi kwafin, gara su kwafi nasa, su saba da shi, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Kwafi ya yi wa kamfanin tallar da ba zai iya biya ba. Shi ya sa yau duk takardar neman aiki ke cewa a iya Word da Excel, kamar babu wasu a duniya.

Mai asarar gaske shi ne mai kwamfutar. Ƙaramar manhajar da ake fasa kulle da ita tana buƙatar a kashe mai gadin na'ura kafin ta yi aiki, kuma ta wannan ƙofa ƙwayoyin cuta da manhajojin leƙen asiri suka fi shiga. Masu gyara da dama kan toshe sabuntawa gaba ɗaya, don tsoron kada kulle ya dawo, ga kuma tsadar data. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, har da asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta kama. Yanzu matsalar ta ƙaru. An daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 kuma ya cika a 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin na'urori da yawa kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Idan kwamfutar ɗalibi ce, asarar kundin bincikensa ce. Idan ta ofis ce mai riƙe da takardun haihuwa, ko sunayen masu jarrabawa, ko bayanan marasa lafiya, asarar jama'a ce, kuma ƙasar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017. A nan ba ni da sassauci: talaka na da uzuri, ofishin da ke da kasafin kuɗi ba shi da shi.

Kuskure ne kuma a zuba kowane kwafi a ma'auni ɗaya. Shagon da ke zuba Windows sau da yawa shi ne ke tura waƙoƙi da fina-finan Hausa a memori, daga nan su bazu ta Bluetooth da Xender a fadodin samari, irin waɗanda Adeline Masquelier ta nazarta a Dogon Dutsi da Yamai a littafinta na 2019. Brian Larkin ya nuna a 2008 cewa hanyoyin da ƴan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano suka shimfiɗa don kwafin fina-finan Indiya da na Amurka su ne suka zama hanyoyin rarraba fina-finan Hausa. Kwafi ne ya gina kasuwar, daga baya kuma turawa a waya ta ci kasuwar faifai, furodusoshi suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24. A wannan ɓangaren wanda ake cuta maƙwabci ne: mawaƙin da ya ci bashi ya shiga sutudiyo, ba shi da wata kasuwa a Turai da za ta rufe masa giɓi, farashinsa kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Idan akwai inda kalmar sata ta zauna daram, a nan ne, kuma a nan ya kamata BNDA da gidajen rediyo su fi sa ƙarfi.

Mafita ga mai kwamfuta tana nan, an daɗe da samar da ita: manhajojin kyauta da ke maye gurbin Windows da Word. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983, Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar da Ubuntu a 2004, LibreOffice ya fito a 2010. Lasisin waɗannan ya halatta kwafi da rabawa, suna da Faransanci da Larabci, kuma akwai nau'o'insu marasa nauyi da tsohuwar na'ura ke ɗauka. Masu suka suna da hujja, ba na musu. Wata firintar takan ƙi aiki, takardar da aka tsara a Word takan karkace, mai gyaran unguwa bai san kan abin ba, kuma wanda ya koyi hanya guda ba ya son a sauya masa. Amma duk waɗannan matsalolin koyarwa ne, Arewa kuwa ta taɓa nuna abin da koyarwa da harshen gida ke yi. A 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar da shirin yaƙi da jahilci ta hanyar salula a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, har da na Dogon Dutsi, kuma nazarin Jenny Aker da abokan aikinta ya nuna cewa manyan da aka koya wa aiki da salula sun fi sauran ci a rubutu da lissafi. Mutanen da ba su taɓa zama a aji ba suka koyi tura saƙo; ɗan makarantar sakandare ba zai gagara koyon LibreOffice ba. Ga kuma Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014 ta karkata ga fasahar sadarwa, a cikin jihar.

Saboda haka kirana ga masu gabatar da waɗannan filaye, a rediyo ko a intanet: idan tambayar kulle ta zo, a karanta ta yadda take, kada a kunyata mai ita. A faɗa masa kuɗin lasisi da sefa, a faɗa masa abin da fasa kulle ke jawowa, a ambaci manhajar da zai iya kwafa da izini. A gayyato masu gyara cikin shirin, domin filas ɗinsu ke yanke abin da garin zai yi aiki da shi. A kuma riƙa adana tambayoyin masu sauraro, kamar yadda kulob-kulob na 1962 suka yi, a miƙa su ga hukumomin ƙananan hukumomi da na makarantu na Dogon Dutsi da Tibiri kafin su sake sayen kwamfutoci.