Tarihin Yaƙar Sankarar Kaluluwa da Garkuwar Jikin Majinyaci

Duk wanda ya taɓa yin miki a ƙafa ya san kaluluwa, watau ƙullutun nan da kan taso a matsematsi ko hammata ko wuya, ya yi 'yan kwanaki sa'an nan ya sace. Amma akwai wata iri wadda ba ta sacewa, ba ta kuma cika zafi ba, sai dai ta yi ta girma, tana tafe da zazzaɓi da gumin dare da rama, ita ce kuwa likitoci ke kira limfoma, sankarar da ke kama fararen ƙwayoyin jini waɗanda Allah ya ɗora wa aikin tsaron jiki. Tun a 1832 wani likita a Landan mai suna Thomas Hodgkin ya sifanta wani nau'i nata, amma aka shafe fiye da shekara ɗari ba a da abin yi mata face wuƙar fiɗa, daga baya kuma gashi da haske.

A 1942 ne malamai biyu na Jami'ar Yale a Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka jarraba wani sinadari ɗan uwan gubar da aka yi yaƙi da ita a Turai, aka ɗura shi a jijiyar wani mai wannan cuta, ƙullutan suka narke har kowa ya yi mamaki. Sai dai ba a jima ba suka komo, maganin ya daina tasiri, mutumin ya rasu. Ashe tun ranar da aka haifi kemoterapi aka haifi mas'alar da za ta dame shi, watau taurin kan cutar da ta saba da magani. An ci gaba da ijtihadi, aka harhaɗa magunguna huɗu, aka ƙara da rituximab wanda ya fito a 1997, har ya zama ana warkar da wajen mutum 6 cikin 10 na masu nau'in da ya fi yawa cikin masu saurin yaɗuwa. Sauran fa? Wani nazari da aka buga a 2017 kan majinyata 636 waɗanda cutarsu ta ƙi jin magani ya nuna 7 cikin 100 kaɗai ne ta ɓace musu sarai, rabinsu kuwa ba su wuce wata 6 da 'yan kwanaki a duniya ba.

Alhali kuwa akwai wata hanya da aka daɗe da hangowa, aka kuma daɗe da yi wa riƙon sakainar kashi. A 1891 wani likitan fiɗa a birnin Niyok, William Coley, bayan ya ga labarin wani majinyaci wanda dajinsa ya ɓace a sanadin zazzaɓi mai tsanani da wata cutar fata ta jawo masa, ya shiga yi wa masu daji allurar ƙwayoyin cuta da gangan domin ya zaburar da garkuwar jikinsu. Waɗansu suka sami sauƙi, waɗansu ba su samu ba, shi kuwa ba shi da hujjar da zai bayyana sababi, saboda haka abokan sana'arsa suka juya masa baya. Hujjar ba ta fara bayyana ba sai a 1961, sa'ad da Jacques Miller ya gano aikin wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake renon ƙwayoyin da aka sa wa suna T, masu kashe duk abin da suka tabbatar baƙo ne. Illar ita ce sankara ba baƙuwa ba ce, daga jikin mutum ta tsiro, don haka sau da yawa sukan wuce ta ba su tanka ba.

Wanda ya buɗe ƙofar warware wannan mushkila shi ne Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila, wanda a 1989 ya nuna ana iya cusa wa ƙwayar T sabon umurni a cikin asalin halittarta, ta tsiro da wani maƙalli wanda zai kama alamar da aka zaɓa mata, kamar yadda mafarauci kan sunsuna wa karensa sawun dabba kafin ya sake shi. Na farkon sun zo da rauni, kama suke yi amma ba su daɗewa. Sai Michel Sadelain a Niyok ya ƙara musu wani sashe a 2002 wanda ke sa su hayayyafa su dawwama, a 2003 kuma ya nuna a jikin ɓeraye cewa alamar da ake kira CD19, wadda ke bisa ƙwayoyin B da akasarin limfoma ke fitowa daga gare su, ita ce ta fi dacewa a auna. Wannan dabara ce ake kira CAR-T.

Ya kamata mai karatu ya san ƙasashenmu na da rabo a cikin wannan silsila. A 1958 Denis Burkitt ya sifanta wata limfoma mai kumbura muƙamuƙin yara a Kamfala ta Yuganda. A 1963 kuma, a asibitin koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan cuta waɗanda aka ɗebo daga wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, kuma zuriyarsu, da aka sani da suna Raji, tana nan raye har yau a ɗakunan bincike na duniya, tana cikin abin da ake gwada kaifin ƙwayoyin CAR-T a kansa kafin a kusanci ɗan Adam da su.

A 2010 Steven Rosenberg da James Kochenderfer na cibiyar binciken daji ta gwamnatin Amurka suka ba da labarin mai limfoma na farko da cutarsa ta ja da baya ta wannan hanya. Amma darasin da ya fi tsada an koye shi ne a 2012 a Filadelfiya, a kan wata yarinya 'yar shekara 6, Emily Whitehead, mai sankarar jini: da aka ɗura mata ƙwayoyin sai jikinta ya ɗauki zafi, jininta ya faɗi, ta fita hayyacinta, har aka fid da rai, da aka auna aka ga wani sinadarin garkuwa ya yi ambaliya, sai Carl June, jagoran binciken, ya tuna da tocilizumab, maganin amosanin gaɓɓai da 'yarsa ke amfani da shi, aka ba ta, ta farfaɗo ranar da ta cika shekara 7. Tun daga nan ba a fara wannan jinya sai maganin nan yana ajiye a kusa.

Yadda ake yi kuwa shi ne, a haɗa majinyaci da na'ura ta tace fararen ƙwayoyinsa ta mayar masa da sauran jinin, a aika da su ɗakin sarrafawa a gyara su a raya su har su kai miliyoyi, bayan 'yan makonni a komo da su a daskare cikin 'yar jaka wadda ba ta fi tafin hannu ba, a ba shi kemoterapi na kwana 3 domin share musu wuri, sa'an nan a ɗura masa cikin ƙasa da rabin sa'a. Daga nan sai tsaro: kullum ma'aikaciyar jinya za ta tambaye shi wace shekara ake ciki, ta nuna masa abu uku ya faɗi sunansu, ta sa ya rubuta jimla guda, domin karkacewar rubutu na cikin alamomin farko na cewa maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa.

A gwajin da aka yi wa mutum 101 masu limfomar da ta gagari kemoterapi, cutar ta ɓace sarai ga 54 cikin 100, bayan shekara 5 kuma wajen 43 cikin 100 na nan da rai. Bisa ga sakamakon farko na wannan gwaji hukumar magunguna ta Amurka ta halatta maganin, mai suna Yescarta, a watan Oktoba na 2017, a kan dala 373,000, ban da kuɗin kwanciya. Lalle bai warkar da kowa ba, kuma a 2024 hukumar ta wajabta gargaɗi cewa yana iya haifar da wata sankarar daban, ko da yake da wuya. Indiya kuwa ba ta tsaya jira ba, ta ƙera nata, NexCAR19, ta halatta shi a 2023 a kan kusan ushirin farashin Amurka. Wannan ita ce turbar da ta kamaci hukumominmu da jami'o'inmu su bi, su fara da abin da maganin ba ya yiwuwa sai da shi: ɗakin tantance cuta mai inganci, ma'ajiyar jini, ɗakin kulawa ta gaggawa, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa.